Noël: sunan biki, sunan mutum

Mu karanta

Ku dubi kalandar Faransanci, ku nemi watan Disamba, ku ɗora yatsa a kan ranar 25. Za ku ga wata ƴar kalma mai haruffa huɗu: Noël. Ana faɗin ta « Nowel ». Ita ce ranar da Kiristoci suke bikin haihuwar Annabi Isa, wanda suke kira Yesu Almasihu. Hausawan Nijeriya suna ce wa wannan biki Kirsimeti, domin su a bakin Turawan Ingila suka ji sunansa. Mu a Nijar a bakin Faransawa muka ji shi, shi ya sa muke cewa Nowel.

Amma Noël ba sunan biki kaɗai ba ne. Sunan mutum ne kuma. A Faransa, da Benin, da Togo, da Burkina Faso, har ma cikin Kiristocin ƙasarmu, akwai maza da mata masu amsa wannan suna. Yaron da bai sani ba, in ya ji, sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce: « Yaya za a sa wa mutum sunan biki? » To, kafin ku yi dariya, ku tuna da Sallau da Tasalla na unguwarku. Za mu komo kansu. Bari tukuna mu bi sawun kalmar, mu ga inda ta fito.

Harshen Faransanci ba daga sama ya faɗo ba. Yana da uwa, sunanta Latin. Latin harshen Rumawa ne, mutanen birnin Rum da ke ƙasar Italiya. A zamanin da, ƙasar da ake kira Faransa sunanta Gol, a rubuce Gaule. Wani babban mayaƙin Rumawa mai suna Jul Sezar ya ci ta da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 51 kafin haihuwar Annabi Isa. Sojoji da fatake da ma'aikatan Rumawa suka zauna a ƙasar. Sannu a hankali mutanen Gol suka saki harshen kakanninsu, suka kama Latin. Sai dai ba Latin na littafi suka kama ba. Na kasuwa suka kama, da na barikin soja.

A cikin Latin akwai kalmar natalis. Ma'anarta « na haihuwa ». In Barume ya ce dies natalis, yana nufin « ranar haihuwa ». Rumawa mutane ne masu riƙe irin wannan rana. Mutum yana da tasa, sarki yana da tasa, birnin Rum kansa yana da tasa, ranar 21 ga watan Afrilu. Da addinin Kirista ya yaɗu a daular, sai Kiristoci suka keɓe rana guda don tunawa da haihuwar Annabi Isa. Rubutu mafi tsufa da aka samu ya nuna ana wannan biki a birnin Rum ranar 25 ga Disamba tun shekara ta 336. Da bikin ya girma, sai mutane suka daina dogon bayani. In an ce natalis kawai, kowa ya san haihuwar da ake nufi. Haka mu ma muke yi: in aka ce « an ga wata », ba mai tambaya wane wata ne.

Yanzu ga abin mamaki. Yaya natalis ta zama Noël, alhali ko kama ba su yi ba?

Kalma kamar turmi ce: yau daka, gobe daka, sai ta cinye. Ku duba cikin Hausarmu. Sunan Muhammadu, a bakin mutane, ya zama Mamadu, ya zama Mamman. Abubakar ya zama Bubakar, ya zama Bukar. Faransawa sun zo da l'école, muka mai da ita lakkol. Sun zo da monsieur, muka mai da shi mushe. Wannan ma cikin ƴan shekaru ke nan. Ita kuwa natalis ta yi shekara fiye da 1000 tana yawo daga baki zuwa baki, a wurin mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba.

Wutsiyarta ce ta fara guntulewa. Daga nan sai harafin t da ke tsakanin wasula biyu ya yi laushi, ya koma d. Ku gwada da bakinku: ku ce « nata » sau goma da sauri, za ku ji t ɗin yana neman zamewa. A kudancin Faransa nan kalmar ta tsaya, aka ce Nadal. Har yau haka ake faɗi a tsohon harshen kudancin ƙasar, haka kuma mutanen Kataloniya na ƙasar Spaniya suke faɗi. In kun taɓa jin sunan Rafael Nadal, gwanin wasan tanis, to sunan gidansu wannan kalma ce.

A arewacin Faransa kuwa tafiya ba ta tsaya nan ba. Shi ma d ɗin ya narke, ya ɓace gaba ɗaya, a na biyu kuma ya koma e. Aka wayi gari ana cewa nael. Haka aka samu kalmar a rubuce a farkon ƙarni na 12. Kafin ƙarnin ya ƙare, a na farko ya koma o, aka samu noel.

Kada ku ɗauka wannan kalma kaɗai abin ya samu. Da ita kaɗai ce, da sai mu yi shakka. Amma ku duba: Latin na cewa vita, wato rayuwa, Faransanci na cewa vie. Latin na cewa rota, wato ƙafar keke ko ta amalanke, Faransanci na cewa roue. A duka biyun t ɗin tsakiya ya faɗi. Latin na cewa sal, gishiri, da mare, teku, Faransanci na cewa sel da mer. A duka biyun a ya koma e. Ashe hanya ɗaya ce kalmomi da yawa suka bi, natalis ta bi ayari.

Wasu mutane suna ba da wani labari daban. Sun ce Noël daga harshen mutanen Gol ta fito, wai ma'anarta « sabuwar rana », don a ƙarshen Disamba ne yini yake fara tsawo a Turai. Labarin yana da daɗin ji, amma masana harshe ba su karɓe shi ba, kuma suna da hujja. Latin ba Faransanci kaɗai ta haifa ba. In kana son sanin asalin mutum, ka dubi ƴan'uwansa. Mutanen Italiya suna ce wa bikin Natale. Mutanen Fotugal suna cewa Natal. Mutanen Kataloniya, mun gani, suna cewa Nadal. Duk kamar uwarsu suka ɗauko. Kamar sauti kaɗai ba ta isa shaida ba. Hausa tana da « mai », Faransanci yana da mai, sunan wata na biyar, amma ba abin da ya haɗa su, ko a mafarki.

Kalmar Fotugal ɗin nan ma ta hau taswira. A shekara ta 1497 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Vasco da Gama yana neman hanyar Indiya. Lokacin bikin ya same shi daura da wata gaɓar teku a kudancin Afirka, sai ya sa wa wurin suna Natal. Tun shekara ta 1994 ana kiran lardin KwaZulu-Natal. A ƙasar Brazil ma akwai birnin Natal, wanda aka kafa ranar 25 ga Disamba 1599.

Ɗigo biyu a kan e

Ku sake duban kalmar: Noël. A kan e akwai ɗigo biyu, kamar idanun ƙwaro. Sunansu tréma. Ba ado ba ne, aiki suke yi.

A Faransanci, wasula biyu in sun haɗu sukan narke su ba da sauti guda. A cikin œuf, ƙwai, da cœur, zuciya, o da e sun manne da juna. A cikin moelle, ɓargo, ana faɗin « mwal ». Ɗigo biyun nan su ne ke ce wa mai karatu: tsaya, raba su, kowa ya yi kukansa. Shi ya sa muke karanta No-ël, gaɓa biyu. Haka ma Jo-ël da Isma-ël.

Ga inda abin ya shafe ku. Kun san a da i in sun haɗu a Faransanci ana faɗin « e », kamar a cikin lait da maison. To, mais ba ɗigo biyu ma'anarta « amma ». Maïs mai ɗigo biyu ita ce masara. Wanda ya manta da tréma ya shuka « amma » a gonarsa. Duwatsun arewacin ƙasarmu, na jihar Agadas, ana rubuta su Aïr. In ka cire ɗigon sai su zama air, wato iska. Garin Maïné-Soroa na jihar Difa da ɗigo biyu ake rubuta shi. Sunayenmu ma haka: Aïssa, Aïchatou, Saïdou. In aka bar ɗigon, Bafaranshe zai kira Aïssa « Esa », ya kira Saïdou « Sedu », su kuwa ba za su waiwayo ba. A rubutun Hausa ba mu bukatar wannan alama, don kowane harafi da sautinsa. Amma ranar dikte, mai ɗigo biyu a sunansa kada ya yi rowar tawada.

Kalmar da kanta tana da ƴan ɗabi'u. In ana nufin bikin, da babban harafi ake rubuta ta, kuma yawanci ba a sa mata le ko la: à Noël, joyeux Noël. In kun ji an ce la Noël, an taƙaita la fête de Noël ne. In kuma an rubuta un noël da ƙaramin harafi, ana nufin waƙar da ake rerawa lokacin bikin. A zamanin da ma kalmar ta taɓa zama guɗar Faransawa. In sarki ya shigo gari, ko an yi wani abin farin ciki, sai jama'a su ɗauki sowa: « Noël ! Noël ! » Haka aka yi a birnin Reims ranar 17 ga Yuli 1429, da aka naɗa sarki Charles na 7. Ku lura, watan Yuli ne, tsakiyar zafin Turai, ba abin da ya haɗa shi da Disamba.

Daga biki zuwa suna

Tun zamanin da, in aka haifi yaro ranar bikin, ko kusa da ita, sai iyayensa su sa masa Noël. Mace kuwa a sa mata Noëlle. Ana kuma haɗa shi da wani suna, a ce Jean-Noël ko Marie-Noëlle. Wasu gidaje ma ya zama sunan zuriyarsu.

Ga misali daga maƙwabtanmu. Thomas Sankara ya shugabanci ƙasarsa daga 1983 zuwa ranar 15 ga Oktoba 1987 da aka kashe shi a Wagadugu. Shi ne ya sake wa ƙasar suna a 1984, daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso. Cikakken sunansa Thomas Isidore Noël Sankara. An haife shi a garin Yako ranar 21 ga Disamba 1949. Ku ƙirga da yatsunku kwana nawa ya rage a yi bikin.

Noël ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Pascal daga bikin Pâques ya fito. Toussaint sunan bikin ranar 1 ga Nuwamba ne, kuma shi ne sunan Toussaint Louverture, wanda ya jagoranci bayin Haiti suka yi yaƙin neman ƴanci. Dominique kuwa tushensa ɗaya da dimanche, ranar Lahadi, kuma a da akan sa wa wanda aka haifa ran Lahadi.

To, wannan baƙon abu ne a wurinmu? Ko kaɗan. Dominique shi ne Ɗanladi, in mace ce ita ce Ladi. Mu ma kowace rana da ƴaƴanta: Altine da Tani, Talatu, Balarabe da Larai, Lami, Ɗanjuma da Jummai, Asabe. Wadda aka haifa cikin watan azumi ita ce Azumi, namiji kuwa Ɗan'azumi ko Labaran. Wanda ya zo duniya ranar salla shi ne Sallau, mace Tasalla. Mun ma fi Faransawa nisa, don mun shiga gona: ga Nomau na lokacin noma, ga Marka ta tsakiyar damina, ga Anaruwa da aka haifa ruwa na zuba. Larabci ma yana da irin wannan. Kalmar Maulidi daga tushen « haihuwa » ta fito, kamar yadda Noël ta fito daga natalis, kuma akan sa wa yaron da aka haifa a wannan lokaci Mauludu.

Akwai bambanci guda. A wurin Hausawa, irin waɗannan sunaye yawanci laƙabi ne. Ladi tana da sunanta na yanka, wanda liman ya raɗa mata ranar suna, sai dai na ranar ya rinjaye shi a bakin mutanen gida. A wurin masu sa Noël kuwa, shi ne sunan gaskiya, shi ake rubutawa a takarda.

Kuma kada ku ga Noël ku rantse a Disamba aka haife shi. Wani sunan kakansa ya ci, wani sunan ne kawai ya yi wa iyayensa daɗi. Mu ma akwai Ladin da aka haifa ran Talata, don an mai da sunan kakarta.

Duk da haka irin wannan suna yakan yi aikin kalanda. Da yawa daga cikin kakanninmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. In kun dubi takardunsu za ku ga né vers 1950, wato « an haife shi wajen 1950 ». Ba wata, ba rana. Amma in sunan tsohon Nomau, mun san damina ce. In sunan tsohuwar Tasalla, mun san ranar da aka haife ta gari yana cike da kiɗa da sababbin tufafi. Abin da takarda ba ta riƙe ba, suna ya riƙe.

Dangin Noël

Ƙaramar kalmar nan né da muka gani yanzu ƴar'uwar Noël ce. Dukansu daga tushe guda suke a Latin, tushen haihuwa. Danginsu suna da yawa cikin littattafanku: naître, a haifi mutum, naissance, haihuwa, aîné, wanda aka riga haifa, wato babban wa. Nation ma, al'umma, da nature, halitta, daga nan suke. Cikin sunaye akwai Nathalie, akwai René da Renée, wato « wanda aka sake haifa ».

Mafi ban sha'awa cikinsu ita ce natal, kamar a mon village natal, ƙauyen da aka haife ni. Ita da Noël tagwaye ne, duka biyun natalis ce. Ɗaya ta bi ta bakin manoma da ƴan kasuwa har ta cinye. Ɗayar kuwa malamai ne suka ɗauko ta daga littattafan Latin daga baya, shi ya sa ta zo da t ɗinta lafiya lau.

Abu na ƙarshe da za ku kula da shi yana kan takardar haihuwa, acte de naissance. Kunne ba ya bambanta Noël da Noëlle, ba ya bambanta né da née, ba ya bambanta René da Renée. Ido ne kaɗai ke gani. In mai rubutu a ma'aikatar magajin gari ya bar haruffa biyu, sai yarinya ta tashi da sunan namiji a takarda. Ba wanda zai lura tana ƙarama. Sai ranar da aka zo haɗa takardun jarrabawa, ko za ta yi katin ɗan ƙasa, a ce sunan nan da wancan ba ɗaya ba ne. Gyaran kuwa yakan kai iyaye har gaban alƙali, ga kashe kuɗi, ga ɓata lokaci. Haka yake faruwa ga Aïssa da aka rubuta mata Aissa a wuri guda, Aïssata a wani wuri. Kun iya karatu yanzu. Ku roƙi iyayenku su nuna muku takardarku, ku karanta ta harafi bayan harafi.

Mu riƙe kalmomi

asali, tushe : l'origine
ma'ana : le sens
sunan yanka : le prénom
laƙabi : le surnom
wasali : la voyelle
gaɓar kalma : la syllabe
ɗigo biyu a kan wasali : le tréma

Mu ba da amsa

1. Daga wane harshe kalmar Noël ta fito? Mene ne ma'anarta ta farko?
2. Wane harafi ne ya ɓace a tsakiyar natalis? Kawo wata kalmar Faransanci da abin ya samu.
3. Don me masana ba su yarda da labarin « sabuwar rana » ba?
4. Kwana nawa ne tsakanin haihuwar Thomas Sankara da bikin Noël?
5. Wane sunan Hausa ne ya yi daidai da Dominique?
6. Duk mai suna Noël a Disamba aka haife shi? Faɗi dalilinka.

Mu yi aiki

a) Kwafe waɗannan jimloli cikin kayenka, ka sa tréma inda ya kamata:
Saidou cultive du mais, mais la pluie ne vient pas.
Noelle et Aissa regardent la carte de l'Air.

b) Cika gurbi da né ko née:
Ladi est ........ un dimanche.
Sallau est ........ le jour de la fête.

c) A gida, tambayi mahaifiyarka ko kakarka: wace rana aka haife ka, a wane lokaci na shekara, kuma sunan wa ka ci? Rubuta amsar cikin jimla uku da Hausa, sa'an nan ka rubuta jimla ɗaya da Faransanci wadda ta fara da Je suis né ko Je suis née.